Ciwon Zubar Jinin Birai da Allura Guda

Jama'a, yau labarin wata cuta ta birai za mu ba ku, amma akwai abin da ya shafe ku a ciki.

A shekarar 1964 annoba ta faɗa wa biran da likitoci ke ajiyewa don gwajin magani, a wurare biyu masu nisa da juna: garin Sukumi a Tarayyar Sobiyat ta wancan zamani, da Betesda kusa da Washinton a Amurka. Biran nan daga Indiya aka kawo su. Sai zazzaɓi ya kama biri, fuska ta kumbura, ya ƙi abinci, jini ya riƙa fita ta hanci da ƙarƙashin fata. Cikin mako biyu sai mutuwa, da wuya wanda ya kamu ya tashi.

Likitoci suka gano ƙwayar, watau irin ƙananan nan da ake kira bairas. Tana da dangi: ɗaya na sa goɗiya ɓari, an gano shi a 1953, wani kuma na kashe 'ya'yan aladu.

To, daga ina ta fito? Nan ne abin mamaki. Da aka ɗebi jinin biran Afirka, har da jan birin nan da ke ɓarna a gonakinmu, sai aka tarar waɗansu na ɗauke da ƙwayar shekara da shekaru, suna ci suna tsalle, lafiya lau. Su ta saba da su, baƙon Asiya ne ba ya jure mata. Masu bincike kuwa suka ɗora laifin yaɗuwarta a kan allura, wadda ake yi wa birai lamba da ita, da ta gwajin tarin fuka. A soki mai ɗauke da cuta, a soki na kusa, shi ke nan.

Ku duba, wannan a hannun manyan likitoci ke nan, balle mai allurar kasuwa, ko wanzamin da zai yi wa yara goma kaciya da aska ɗaya. In kun zo ɗakin magani, ku ga an ɓare sabuwar allura a gabanku. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Har yanzu dai ba a sami mutumin da wannan ƙwaya ta kama ba. Amma a 2022 masana a Jami'ar Kolorado sun zuba ta kan ƙwayoyin jikin mutum cikin kwalba, ta shiga, ta kuma hayayyafa.