Matsalar Sirakus: lissafin da yaro zai gane, amma ya gagari malamai tun 1937

Ɗalibai da yawa a unguwannin Adjamé da Treichville na Abidjan, inda Hausawa suka daɗe da zama, da Faransanci suke karatun lissafi. Idan suka gamu da wannan matsala za su ji ana kiran ta « conjecture de Syracuse », a Najeriya da Ghana kuwa hasashen Collatz ake ce mata. Abu ɗaya ne. Sunan na wani Bajamushe ne masanin lissafi, Lothar Collatz (1910–1990), wanda ake danganta masa fito da ita a 1937. Ɗaya sunan kuma daga jami'ar Sirakus ta Amurka ya samo asali, inda matsalar ta yaɗu tsakanin malamai.

Yadda ake yin ta

A ɗauki kowace cikakkiyar lamba daga 1 zuwa sama. Idan cika ce, wato tana rabuwa biyu daidai, sai a raba ta. Idan mara ce, sai a ninka ta sau 3 a ƙara 1. Haka za a yi ta maimaitawa da abin da ya fito. Ga misalin 7: 22, 11, 34, 17, 52, 26, 13, 40, 20, 10, 5, 16, 8, 4, 2, 1. Taki 16 ke nan. Hasashen yana cewa ko da wace lamba aka fara, ƙarshenta 1. Har yau babu wanda ya kawo hujjar hakan, babu kuma wanda ya gano lambar da ta ƙi.

Lokacin tsayawa

Abu biyu ake aunawa. Na farko yawan takin da lamba ke yi kafin ta faɗo ƙasa da inda ta fara, shi ne lokacin tsayawa. Na biyu yawan takin da ke kai ta har 1, wanda Faransawa ke kira « temps de vol ». Lamba 7 tana faɗowa ƙasa da kanta a taki na 11, inda ta kai 5. Da za a tabbatar cewa kowace lamba da ta fi 1 tana faɗowa ƙasa da kanta, da magana ta ƙare, domin faɗuwa bayan faɗuwa dole ta tuƙe a 1.

Dalilin da ya sa aka sa wa mara ido

Lambar cika da taki ɗaya take raguwa, ba ta da wahala. Mara iri biyu ce. Wadda ke barin ragowar 1 idan an raba ta da 4, kamar 5, 9 da 13, taki 3 ke sauko da ita: 13 ta zama 40, 20, sannan 10. Saura masu barin ragowar 3, kamar 7, 11 da 27, kuma a nan gizo ke saƙar. Lamba 27 sai da ta haura har 9,232, ba ta faɗo ƙasa da kanta ba sai a taki na 96, ta isa 1 a taki na 111. Cikin lambobin da ba su kai 100 ba, 97 ce ta fi doguwar tafiya da taki 118. Ƙasa da 1,000 kuwa 871 ce, da taki 178, ƙasa da miliyan ɗaya kuma 837,799, da taki 524.

Inda bincike ya kai

A 1976 Riho Terras ya nuna cewa kusan dukkan lambobi suna faɗowa ƙasa da mafarinsu. A 2019 Terence Tao ya ƙara gaba, ya nuna kusan dukkansu suna saukowa ƙasa ƙwarai. Amma "kusan duka" ba "duka" ba ne. A 2020 David Bařina ya gwada da kwamfuta har zuwa 2 ninkin kanta sau 68, bai sami mai saɓawa ba. Wannan ma ba hujja ba ce, tunda lambobi ba su da iyaka. Ƙaramin sauyi ma yana rushe ƙa'idar: idan aka ninka sau 5 maimakon 3, lamba 13 za ta yi ta zagaye tana komawa 13, ba za ta taɓa ganin 1 ba.

A 2021 wani kamfanin Japan mai suna Bakuage ya sa ladar yen miliyan 120 ga duk wanda ya warware ta. Mutane da dama sun sha iƙirarin sun yi, amma masana ba su karɓi ko ɗaya ba.

Sirrin mara ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan hanyoyin tsara hatimi mai gidaje mara, inda kowane layi ke ba da jimla ɗaya. Ɗalibin da ke son gwada matsalar Sirakus takarda da biro kawai yake buƙata, kuma 27 ta ishe shi aikin yamma guda.