Biertan: Cocin da Ya Zama Ganuwar Ƙauye

A yankin Transilbaniya na ƙasar Romaniya, cikin gundumar Sibiu, akwai wani ƙauye mai suna Biertan. Matafiyi kan hango hasumiyoyinsa tun daga nesa, ya yi zaton fadar wani sarki ce. Sai ya matso kusa zai gane coci ne a kan tudu, kewaye da ganuwa har zagaye uku.

Waɗanda suka gina shi manoma ne 'yan asalin Jamus da ake kira Sakson. Sarakunan Hangari ne suka gayyato kakanninsu tun ƙarni na 12, don su raya ƙasar su kuma tsare bakin iyaka. Zaman bai zo da sauƙi ba. A 1241 mayaƙan Mongol suka ratsa yankin da ƙone-ƙone, daga baya kuma hare-haren Turkawa da Tatar suka zama ruwan dare. Manyan garuruwa irin su Sibiu sun iya kewaye kansu da ganuwa, kamar yadda Kano da Zariya suka yi. Ƙauyuka kuwa ba su da wannan ƙarfin, sai suka zuba abin da suke da shi a kan gini ɗaya da ya haɗa kowa: wurin ibada.

An gina cocin Biertan na yanzu tsakanin 1486 da 1524. Maharin da ya tsallake ganuwa ta farko, sai ya tarar da ta biyu, kuma kowace ƙofa tana ƙarƙashin hasumiyar da ake harbi daga cikinta. Da zarar an buga ƙararrawa, jama'a su kwaso iyali da guzuri su haura tudun. Dukiyar coci kuwa tana wani ɗaki ne mai ƙofar katako da aka ƙera a 1515, wadda makulli ɗaya ke motsa sakatunta masu yawa lokaci guda.

Amma labarin da ya fi yawo a bakin mutane na wani ɗan ɗaki ne a jikin ganuwar. An ce idan miji da mata suka zo neman rabuwa, sai a kulle su ciki na 'yan makonni, da gado ɗaya, tebur ɗaya, kwano ɗaya da cokali ɗaya. Ba wurin yin yaji, ba mai zuwa biko. Dole ɗaya ya jira ɗaya ya gama cin abinci, har a kai ga yin magana. Masu ba da labarin suna cewa a cikin shekara 300 aure ɗaya kacal ya mutu. Ko da an ƙara wa zancen gishiri, yana da tushe: daga 1572 zuwa 1867 a nan bishop na mabiya ɗariƙar Luther yake zaune, kuma shari'ar aure tana hannun coci. Ga manomi, mutuwar aure tana nufin raba gona da watsewar gida.

A 1993 hukumar UNESCO ta sanya Biertan cikin kayan tarihi na duniya. Sai dai a lokacin yawancin Sakson sun riga sun ƙaura zuwa Jamus, bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989. Ganuwar tana nan tsaye, amma jikokin maginanta yanzu baƙi ne masu zuwa ziyara.