Filin Jirgin Sama Na Narita Da Haƙƙin Maƙwabta

Matafiyin da ya sauka a filin jirgin sama na Narita, wanda yake wajen kilomita 60 gabas da birnin Tokyo, idan ya leƙa ta tagar jirgi yana iya ganin abin mamaki. Kudu da titi na biyu na saukar jirage akwai 'yan gidaje da gonaki da wani ɗan ƙaramin ɗakin ibada na addinin Shinto, an kewaye su da dogon shinge, jirage kuwa suna ta ratsawa ta bisansu. Waɗannan gonaki su ne ragowar wata jayayya da aka soma tun 1966, wadda ta ci rayuka, ta kuma sa hukumomin Japan suka sake tunani game da haƙƙin da maƙwabta suke da shi a kan filin jirgin sama da kamfanin da ke tafiyar da shi.

Asalin al'amarin shi ne bunƙasar arzikin Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tun farkon shekarun 1960 aka ga alamar tsohon filin Haneda, wanda yake bakin teku a gefen Tokyo, ba zai iya ɗaukar yawan jiragen da ke tafe ba. Da fari Gwamnati ta zaɓi wani wuri da ake kira Tomisato a lardin Chiba, amma manoman wurin suka tashi tsaye, har aka janye. Sai aka juya zuwa Sanrizuka, kusa da garin Narita, inda akwai wani babban makiyayi na gidan Sarkin Japan. Lissafin da aka yi shi ne, tun da yake wani kaso na filin yana hannun hukuma, sauran kuwa na talakawan manoma ne waɗanda ba su daɗe da zama a wurin ba, to, sayensa ba zai yi wuya ba. Ran 4 ga watan Yuli, 1966, majalisar ministocin Firayim Minista Eisaku Sato ta zartar da hukunci, mako biyu bai cika ba daga ranar da maganar ta fito fili. Manoma da yawa a jarida da talabijin suka fara jin labarin.

Wannan lissafi bai ci ba. Da yawa daga cikin manoman nan mutane ne da yaƙi ya tsiyata, waɗansu sun komo daga ƙasashen da Japan ta mallaka a da, waɗansu an ƙone musu gidaje, Gwamnati da kanta ta zaunar da su a wurin ta ce su sare daji su yi noma. Shekara ashirin suka yi suna fama da ƙasar, har ta soma ba da gyaɗa da dankali da kankana. Sai da wahala ta fara biya sa'an nan aka ce su tashi. A cikin shekarar nan ta 1966 suka kafa ƙungiyar adawa ta Sanrizuka da Shibayama, suka naɗa Issaku Tomura shugaba, wani Kirista mai sayar da kayan aikin gona. Gaskiya ne mafi yawan masu filaye daga bisani sun karɓi diyya sun sayar, amma waɗanda suka ƙi sun ƙi ne har zuci, domin abin da ya fi ƙona musu rai shi ne ba a shawarce su ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga 1967 ƙungiyoyin ɗalibai masu ra'ayin gurguzu suka fara kwararowa Sanrizuka. Su a ganinsu sabon filin zai taimaki sojan Amurka ne a yaƙin Vietnam. Suka gina bukkoki a gonaki, suna taya manoma aiki, suna kuma karawa da 'yan sandan kwantar da tarzoma. A watan Fabrairu, 1971, hukuma ta soma karɓar filaye da ƙarfin doka. Manoma suka haƙa ramuka suka shige, waɗansu suka ɗaure kansu da sarƙa a jikin itatuwa, tsofaffi da mata da 'yan makaranta duk suka fito. Ran 16 ga watan Satumba na wannan shekara aka kashe 'yan sanda uku a wata mararraba da ake kira Toho. Bayan kwana huɗu aka fitar da wata tsohuwa mai suna Yone Koizumi daga gidanta tana cikin sussukar shinkafa, aka rushe gidan. A watan Oktoba kuma wani saurayi manomi daga cikin 'yan adawa ya kashe kansa.

Titin farko, mai tsawon mita 4,000, ya kammala, amma babu halin amfani da shi. 'Yan adawa sun kafa hasumiyar ƙarfe mai tsawon kimanin mita 60 a daidai hanyar da jirage za su bi, ba a kuwa rushe ta ba sai a watan Mayu, 1977. A tarzomar da ta biyo baya wani saurayi mai goyon bayan manoma da ɗan sanda guda suka rasa rayukansu. Aka sa ranar buɗe fili, 30 ga watan Maris, 1978. Saura kwana huɗu sai waɗansu samari suka biyo ta magudanar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, suka haye hasumiyar da ake yi wa jirage jagora, suka farfasa na'urorin da ke ciki. Sai ran 20 ga watan Mayu aka buɗe filin, cikin tsaro mai tsanani.

An yi nufin a buɗe shi a 1971 da niyyar a kai shi titi uku, amma sai a 1978 aka buɗe shi da titi ɗaya tak, kuma a haka ya zauna shekara 24. Bututun da zai kawo man jirage daga tashar jiragen ruwa ta Chiba bai kammala ba sai 1983, kafin nan a jirgin ƙasa ake jigilar man. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya da aka shirya zai haɗa filin da Tokyo an watsar da aikinsa. Har zuwa 2015 duk mai shiga harabar filin, ko da rakiya ya zo, sai an nemi takardar shaidarsa a ƙofa. A 1988 kuwa 'yan ta-kife suka yi wa shugaban kwamitin lardin Chiba mai yanke hukuncin karɓar filaye mummunan duka, sauran 'yan kwamitin duka suka yi murabus, ba a sake kafa shi ba sai 2004.

Da ƙarfi ya gaza kai kowa ga biyan bukata, sai aka koma ga abin da ya kamata a soma da shi. A watan Janairu, 1990, Ministan Sufuri Takami Eto ya je ya zauna da wani ɓangare na manoman. Daga watan Nuwamba, 1991, zuwa watan Mayu, 1993, aka yi zama 15 a bainar jama'a, a ƙarƙashin jagorancin Shaihun Malami Mikio Sumiya, tsohon malamin Jami'ar Tokyo, tare da masanin tattalin arziki Hirofumi Uzawa da waɗansu dattawa. A nan ne manoma suka zayyana yadda aka yi da su tun 1966, jami'an Gwamnati suna saurare. Hukumar filin ta janye takardun da ta shigar na neman karɓar sauran filaye da ƙarfi. Aka sake yin zama 12 daga 1993 zuwa 1994, aka amince cewa ta hanyar shawara kaɗai za a nemi filin titi na biyu, aka kuma kafa kwamitin zaman tare domin sa ido a kan alkawuran da aka ɗauka. A 1995 Firayim Minista Tomiichi Murayama ya nemi gafara a madadin Gwamnati. Ba dukan 'yan adawa suka shiga sulhun ba, domin ƙungiyarsu ta rabu tun 1983, amma daga nan wutar rikicin ta lafa ƙwarai.

Cika alkawarin nan ya zo da tsadarsa. Titi na biyu da aka buɗe a watan Afrilu, 2002, gab da gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya, mita 2,180 kawai aka samu, domin masu gonakin da ke kudu sun ƙi sayarwa. Da aka ƙara shi zuwa mita 2,500 a 2009, ta arewa aka ƙara. Su kuwa mutanen da suka rage a Toho, jirage suka riƙa bi ta kan rufin ɗakunansu.

A 2004 aka mai da hukumar filin kamfani, ko da yake hannun jarinsa na Gwamnati ne. Abin da kamfanonin zamani ke kira nauyin jama'a da kiyaye muhalli, a Narita ya fito ne daga wannan tarihi mai ɗaci. Ana toshe gidaje da makarantu yadda ƙarar jirage ba za ta cika shiga ba, ana biyan waɗanda suka fi kusa kuɗin ƙaura, ana kuma ba ƙananan hukumomin kewaye wani kaso na kuɗi kowace shekara. Akwai na'urorin auna ƙara a ƙauyuka, sakamakonsu kuwa ba a ɓoye shi. Tun 2005 kuɗin saukar jirgin ƙasa da ƙasa ya danganta da ƙararsa, watau mai ƙara kaɗan ya biya kaɗan, domin kamfanonin jirage su kawo sababbin jirage. Jirgin da zai sauka ta wajen teku kuwa sai ya saki ƙafafunsa tun yana bisa ruwa, don ƙanƙarar da ta maƙale a jikinsu ta faɗa teku, kada ta faɗo a kan gidaje da gonaki. A 2011 kamfanin ya buɗe gidan tarihi a Shibayama, inda aka ajiye hulunan kwano da tutocin 'yan adawa tare da labarin waɗanda suka mutu daga kowane ɓangare. A 2021 kuma ya yi shelar cewa kafin 2050 zai soke hayaƙin da ayyukansa na kansa ke ƙara wa ɗumamar duniya, ya kuma rage na filin baki ɗaya da rabi bisa ga na 2015.

Sauran Japan ma ta ɗauki darasi. Rikicin Narita da ƙarar da mazauna kusa da filin Itami na Osaka suka kai kotu saboda hayaniyar jirage suna cikin dalilan da suka sa aka gina filin Kansai a kan tsibirin da aka cike a cikin teku, aka buɗe shi a 1994. Haka aka yi da filin Chubu na kusa da Nagoya a 2005. Cike teku aiki ne mai cin kuɗi, yana kuma taɓa masunta da halittun ruwa, amma an ga ya fi sauƙi a kan tayar da ƙauye.

Duk da haka maganar ba ta ƙare ba. Filin da ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 40 a 2019, wanda kuma dubban iyalai na lardin ke ci daga gare shi, kullum neman faɗaɗa yake yi. Tun ranar buɗe shi aka hana tashi da saukar jirage daga ƙarfe 11 na dare zuwa 6 na safe, amma a 2019 aka ɗaga lokacin zuwa 12 na dare a titi na farko, waɗansu mazauna kuwa suka ce an rage musu barci. A watan Fabrairu, 2023, aka kwashe gine-ginen wani manomi daga gonar da yake nomawa bisa umurnin kotu, 'yan sanda suka sake karawa da masu zanga-zanga. Kamfanin ya ce shari'ar haya ce ta yau da kullum, magoya bayan manomin kuwa suka ce an karya alkawarin shekarun 1990.

A watan Maris, 2018, Gwamnati da lardin Chiba da ƙananan hukumomi 9 da kamfanin suka sa hannu a kan gina titi na uku mai mita 3,500, bayan tarurruka masu yawa da aka yi da mutanen ƙauyuka. Aikin zai kusan ninka faɗin filin, gidaje da gonaki da dama kuwa za su tashi. A wannan karo an tambayi masu ƙasa kafin a kafa turke, abin da ba a yi ba a 1966. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Abin da zai nuna ko an koyi darasin Sanrizuka sosai shi ne yadda za a yi da manomin da aka tambaya ya ce bai yarda ba.