Soyayya a bakin rijiyar mai: fim ɗin «Anschlag auf Baku» da yaƙin 1942

A watan Agusta na 1942, lokacin da rundunar Jamus ke kutsawa cikin tsaunukan Kokas, gidajen silima na Berlin suka fara nuna wani fim mai suna «Anschlag auf Baku», wato Hari a kan Baku. Kamfanin UFA ne ya shirya shi, Fritz Kirchhoff ya ba da umarni. Haɗuwar lokutan nan biyu ita ce mabuɗin fahimtar wannan fim.

Labarin ya koma baya, zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko. Willy Fritsch ya fito a matsayin Hans Romberg, Bajamushe mai kula da tsaron rijiyoyin mai; René Deltgen kuwa shi ne Forbes, ɗan leƙen asirin Ingila mai ƙulla ɓarna da tarzoma domin arzikin birnin ya faɗa hannun ƙasarsa. Lotte Koch ta fito a matsayin Sylvia, ƴar wani attajirin mai, kuma a kanta ne zaren soyayyar yake. Mai kallo da ke fatan ganin Romberg ya samu abin ƙaunarsa, sai ya tarar yana fatan rijiyoyin ma su zauna ƙarƙashin kulawar Bajamushe. Nan farfagandar ta ɓuya: an nuna Jamus a matsayin mai gadin dukiya, alhali sojojinta na kan hanyar ƙwace ta.

Ƙaryar ta samu gindin zama ne domin an gina ta bisa wani yanki na gaskiya. Dakarun Ingila ƙarƙashin Janar Dunsterville sun shiga Baku a Agustan 1918, suka janye a Satumba kafin sojojin Usmaniyya su kama birnin, sannan Ingilishi suka dawo a Nuwamba suka zauna har Agustan 1919. Haka kuma a 1940 Ingila da Faransa sun tsara jefa bama-bamai kan rijiyoyin Baku, saboda Tarayyar Sobiyet na sayar wa Hitler mai a lokacin. Jamusawa suka tsinci takardun shirin a garin La Charité-sur-Loire bayan faɗuwar Faransa, suka wallafa su. Abin da fim ɗin ya rufe shi ne cewa ita ma Jamus ta nemi rabonta daga man Baku tun 1918.

Buƙatar kuwa ta rai da mutuwa ce. A 1941 Baku ta haƙo mai sama da tan miliyan 23, wajen kashi uku cikin huɗu na man Sobiyet, yayin da tankoki da jiragen Jamus suka dogara ga rijiyoyin Ploiesti na Romaniya da man da ake tacewa daga kwal. Ranar 9 ga Agusta sojojin Jamus suka kama Maikop, suka iske an riga an lalata rijiyoyinta. Ba su kai Grozni ba, balle Baku. Bayan ƙawanyar Stalingrad, suka fara ja da baya daga Kokas a farkon 1943.

Saboda haka nasarar da Romberg ya samu a allon silima ba ta taɓa sauka ƙasa ba. Ga malamin tarihi, darajar fim ɗin tana cikin abin da ya tona ba da niyya ba: yadda gwamnati ke koya wa jama'a son abin da take shirin ƙwacewa.