Daga Amshi Zuwa Jagora: Gadon Waƙar Baka da Tatsuniya a Magarya da Dungas

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda waƙar baka da tatsuniya ke sauka daga na gaba zuwa na baya a gundumomin Magarya da Dungas, kudancin jihar Damagaram. Hujjarta ita ce, abin da yaro ke ɗauka wajen ubangidansa ya fi baitoci yawa, don haka naɗar murya kaɗai ba ta riƙe sana'ar.

1.0 Gabatarwa

Sai a 2011 aka yanke Dungas daga Magarya, amma gidajen sarautar yankin sun daɗe. Dungas da Waca da Mirya su ne ƙasashen Sosebaki da Damagaram ta mamaye a ƙarni na 19, zamanin da André Salifou ya yi wa littafi a 1971. Inda duk aka sami fada, ba a rasa makaɗa. Iyakar Najeriya kuma ba ta taɓa tare kiɗa ba: abin da aka ji a kasuwar Maigatari kan kwana a Dungas.

2.0 Hanyar Koyo

M. G. Smith, a nazarinsa na 1957, ya nuna roƙo sana'a ce mai matsayi a tsarin zaman Hausawa. Ana shigarta ta gado ko ta haye. Ko ta wace ƙofa yaro ya shigo, da ɗaukar kaya yake farawa. Ya goya ganga, ya shanya fata, ya ja tsarkiyar kalangu. Daga nan a saka shi cikin 'yan amshi, inda zai shekara yana maimaita gindin waƙa har kunnensa ya san gaɓar da jagora ke numfasawa.

A nan ne karatun yake, kodayake ba wanda ke kiransa karatu. Ɗan amshi na jin yadda ubangida ke jero asalin basarake, kaka bayan kaka, da sunan da ake tsallakewa saboda tsohuwar gaba. Yana lura da lokacin da zuga ta isa, da lokacin da habaici zai jawo fushin fada. Ma'azu Ɗan Alalo ya yi suna a fadar Damagaram da irin wannan sanin mutane. Waya na iya adana muryarsa, amma ba ta koya wa kowa karanta fuskar sarki.

Tatsuniya ba ta da wannan tsari. Makarantarta tsakar gida ce da dare, malamarta kaka, kuma yarinya kan gane ta iya ne ranar da ƙannenta suka saurari Gizo da Ƙoƙi daga bakinta har ƙurunƙus. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi tun 1911, sai dai takarda ba ta ɗauki kwaikwayon tsamin bakin Gizo ba.

3.0 Misali Daga Gabas

A 2002 Malam Maman Barka, haifaffen Tesker, ya tafi bakin Tafkin Cadi ya zauna wurin Bukar Tar don koyon biram, kayan kiɗan Budumawa mai tsirkiya biyar, da tallafin UNESCO. Zaman ne ya ceci kiɗan.

4.0 Kammalawa

Cibiyar CELHTO da ke Yamai ta daɗe tana adana muryoyi, amma adanawa kaɗai ba ta isa ba. Muna kira ga Jami'ar André Salifou ta Damagaram da ta ɗauki nauyin matasan da za su zauna gidajen tsofaffin makaɗan Magarya da Dungas, su yi amshi, tun masu abin na raye.