Daga Bakin Titi Zuwa Teburin Shugabanni: Tarihin Sushi

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya gefe, zan kai ku Japan mu ga wani abinci da ake kira sushi. Loma ce ta shinkafa da aka ɗora wa yankin ɗanyen kifi. Na san wata zata yamutsa fuska ta ce, "Ɗanyen kifi kuma?" Ki yi haƙuri 'yar uwa, ki ji asalinsa tukuna.

A can farko sushi dabarar adana kifi ce kawai. Sai a shafe kifi da gishiri, a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa, a danne da dutse har watanni. Shinkafar ta yi tsami, tsamin ya hana kifin ruɓewa. In an tashi ci, sai a zubar da shinkafar a ci kifin. Tun a shekarar 718 sunansa ya fito a dokokin Japan cikin kayan da ake biyan haraji da su, kuma har yau ana yin irinsa a bakin tafkin Biwa. Ni da na tashi a Yankara, ina ganin yadda iyayenmu mata ke dafa kalwa su rufe ta kwanaki har ta zama daddawa, wannan bai zame mini baƙon abu ba. Hikima ɗaya ce: talaka ba shi da firji, sai ya sa tsami da gishiri su yi masa gadi.

Daga baya suka gaji da jira, suka riƙa zuba wa shinkafar ruwan tsami don ta yi ɗanɗanon nan take. Wajen shekarun 1820, a birnin Edo, wato Tokiyo ta yanzu, wani mai suna Hanaya Yohei ya shahara da dunƙula shinkafa da hannu ya ɗora kifi a kai. Wannan sabon salo ya zama abincin leburori da 'yan kasuwa, a tsaye ake ci a bakin titi, tamkar yadda direbobin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ke tsayawa a Yankara su sayi tsire su wuce. Kitsen cikin kifin tuna ma a lokacin ba mai so, saboda saurin lalacewa.

Girgizar ƙasar 1923 ta tarwatsa masu sana'ar daga Tokiyo, suka bazu da ita ko'ina a ƙasar. Zuwan firji ya sa ɗanyen kifi ya daina ba da tsoro, rumfunan titi suka koma shaguna. Kitsen nan da aka raina ya zama mafi tsada. A Janairun 2019 wani ɗan kasuwa, Kiyoshi Kimura, ya sayi tuna ɗaya mai kilo 278 a kan Yen miliyan 333.6 a kasuwar Toyosu.

Shagon da ya fi suna shi ne Sukiyabashi Jiro, wanda Jiro Ono ya buɗe a 1965 a ƙarƙashin wani bene a unguwar Ginza. Kujeru 10 ne kacal. Ba ka zaɓen abin da za ka ci. Mai shago ke miƙo maka loma ɗaya bayan ɗaya, kusan 20, kowacce ka cinye ta nan take kafin ta huce, cikin kamar rabin sa'a an gama. Yaron shago kan shekara 10 yana koyo. A Afrilun 2014 nan Firaminista Shinzo Abe ya kai Shugaba Obama cin abincin dare. A 2019 littafin Michelin ya cire shagon daga jerinsa, domin ya daina karɓar gama-garin mutane. Kun ji fa, abincin lebura ya fi ƙarfin lebura!

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Japanawa daraja suka ba abincin, da tsafta da haƙurin koyo. Mu kuwa kilishi da bandar kifi da daddawa duk irin wannan hikima ce ta kakanni, amma amarya na jin kunyar a ji ƙamshin daddawa a miyarta, sai dunƙulen kanti. In masu yin ta suka ƙare ba magada, wa zai koya wa jikokinmu? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.