Dillalin Saƙo da Ƙofar Kanel: Tarihin kdbus

A kwamfutar tebur mai aiki da Linux, manhajoji kullum cikin aika wa juna saƙo suke. Idan aka cusa filashi, wata manhaja ce ke sanar da mai nuna fayiloli. Idan batir ya yi ƙasa, saƙo ne ke kaiwa ga wadda za ta rage hasken allo. Hanyar da saƙonnin ke bi ita ce D-Bus, wadda Havoc Pennington na kamfanin Red Hat da abokan aikinsa suka fara a 2002, ta kai siga ta 1.0 a Nuwamban 2006. Kafin zuwanta, tsarin tebur na KDE na amfani da wata hanyar saƙo mai suna DCOP, na GNOME kuma da CORBA. D-Bus ta haɗa kansu ta hanyar ajiye dillali guda a tsakiya mai suna dbus-daemon: a miƙa masa saƙo, ya duba ko akwai izini, sannan ya isar. Sau uku ana yunƙurin mayar da wannan aiki cikin kanel, wato zuciyar tsarin da ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwa da lokacin aiki, sau uku ana ƙi, kuma abin da ya biyo baya ya gaskata masu ƙin.

Masu yunƙurin suna da hujja. Ɗaya daga cikinsu, Lennart Poettering, ya lissafa a 2014 cewa kira ɗaya da amsarsa sai an kwafe bayanansu sau 10, an tantance su sau 4. Kamfanonin ƙera motoci na ƙungiyar GENIVI, masu tura dubban saƙonni a kan ƙananan na'urori, sun koka da wannan jinkiri. A 2012 injiniyoyin kamfanin Collabora suka kawo AF_BUS, wata hanyar isar da saƙonnin ta cikin kanel, amma David Miller mai kula da ɓangaren sadarwa na kanel ya ƙi karɓa. Daga 2013 Greg Kroah-Hartman da Kay Sievers da Daniel Mack da David Herrmann suka ɗauki aikin kdbus, wato D-Bus a cikin kanel, da alkawarin rage kwafe-kwafe da samar da hanyar saƙo tun farkon tashin kwamfuta. A Afrilun 2015 aka nemi a shigar da shi Linux 4.1.

Nan aka ja daga. Andy Lutomirski ya nuna haɗarin yadda kdbus ke liƙa wa saƙo bayanan mai aikawa da ikonsa, har mai karɓa ya yanke hukunci a kansu. Eric Biederman da Al Viro su ma suka soki tsarin. Linus Torvalds, jagoran kanel ɗin, da kansa ya auna inda lokaci ke tafiya, ya tarar mafi yawansa a manhajojin da ke wajen kanel yake ɓacewa. Wannan ne ya karya ƙashin bayan hujjar sauri: idan rubutun manhajar ne bai yi kyau ba, gyara shi ne magani, ba sauya masa mazauni ba. Akwai kuma doka mai tsauri a Linux, cewa duk hanyar da kanel ya buɗe wa manhajoji ba a rufe ta matuƙar akwai mai dogaro da ita. Kuskure a dbus-daemon sabuwar siga ke share shi; kuskure a kanel kuwa gado ne na shekaru.

Mai ja zai ce ai Binder, hanyar saƙo ta Android, yana cikin kanel, har ya fita daga sashen gwaji a siga ta 3.19, 'yan watanni kafin a ƙi kdbus. Gaskiya ne, amma Binder ya riga ya zauna a ɗaruruwan miliyoyin wayoyi, karɓarsa amincewa ce da abin da ya riga ya wanzu, alhali kdbus sabon alkawari yake nema. Wani zai ce ƙiyayyar da wasu ke wa systemd, manhajar tayar da Linux da masu kdbus ke da alaƙa da ita, ce ta kashe kdbus. Ba a rasa wannan a zafin muhawarar ba, sai dai bus1, wanda Herrmann da Tom Gundersen suka gabatar a 2016 bayan sun tsame ƙa'idojin D-Bus daga ciki, shi ma bai shiga ba.

Hujja mafi ƙarfi daga hannun masu kdbus ɗin ta fito. Ƙaramin yankinsa mai amfanar kowa, memfd, wanda ke ba manhaja damar miƙa wa wata guntun ƙwaƙwalwa a kulle yadda ba za a sauya shi ba, ya shiga Linux 3.17 tun 2014 ba tare da irin wannan rigima ba. A 2017 kuma Herrmann da Gundersen suka sake rubuta dillalin a wajen kanel da sunan dbus-broker, ya fi na da sauri. Cikin nau'o'in Linux, Fedora 30 ta koma kansa a 2019, Arch Linux ta bi sahu a 2024. Kanel ya ɗauki kayan aikin da kowace manhaja za ta iya mora, ya bar hukuncin wa zai yi magana da wa a inda za a iya gyara shi gobe idan an yi kuskure.